Yadda Ake Gane Tsohon Zanen Jan Ƙarfe na Matafiyan Teku, da Yadda Ake Adana Shi

A watan Yunin 1770 jirgin ruwan Endeavour, wanda Kyaftin James Cook ke jagoranta, ya hau kan duwatsun murjani a gaɓar gabashin Ostireliya, gindinsa ya huje. Da ƙyar suka lallaɓa da shi zuwa bakin wani kogi, inda suka shafe kusan mako bakwai suna gyara. A wannan zaman ne suka riƙa hango wata dabba mai tsalle da ƙafafun baya, wadda mutanen wurin, Guugu Yimithirr, ke kira gangurru. Sydney Parkinson, saurayin da Joseph Banks, masanin tsirrai da ke cikin tafiyar, ya ɗauko don zana tsirrai da dabbobi, ya zana ta da fensir a gurguje. Allah bai nufa zai koma gida ba: atuni ya kashe shi a teku a watan Janairun 1771, bayan sun baro Batavia, wato Jakarta ta yau. Fatar dabbar da ƙoƙon kanta ne suka isa Landan. George Stubbs, wani mai zane a Ingila wanda bai taɓa ganin kangaru mai rai ba, ya zana ta da fenti a 1772, wani kuma ya kwafe zanen a kan allon jan ƙarfe, aka buga shi cikin littafin tafiyar da John Hawkesworth ya tsara a 1773.

Tun daga nan hoton ke yawo, wannan ya kwafa daga wancan. Shi ya sa idan ka leƙa kasuwar tsofaffin zane-zane, a kanti ko a intanet, za ka tarar da kangaru iri-iri, kowanne an liƙa masa 1773. Wani gaskiya ne. Wani kwafin wani mawallafi ne da ya zo bayan shekara goma. Wani kuwa bara aka fitar da shi daga firinta, aka jiƙa takardar da ruwan shayi don ta yi kama da tsohuwa. Zanen farko da na saya da kuɗina, na wani tsuntsun tsibiran Pasifik, irin na ukun nan ne. Na ga shekara a ƙasan hoton na yarda, sai bayan wata biyu da na ɗora masa gilashin ƙara girma na ga ɗigo-ɗigon injin zamani. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma shi ya koya mini ƙa'idar da duk wannan bayani ya ginu a kanta: shekarar da ke rubuce a jikin zane lokacin da aka sassaƙa allon kawai take faɗa maka. Lokacin da aka buga takardar da ke hannunka kuwa, sai takardar da tawadar sun ba da shaida da kansu.

Fara da sanin yadda aka yi shi

Wanda bai san aikin asali ba, ba zai gane jabu ba. Mai zanen jirgi yana zana abin da ya gani, sau da yawa cikin wahala. Banks ya rubuta cewa a Tahiti ƙudaje kan cinye fenti daga kan takarda da zarar an shafa shi. In an dawo gida sai a miƙa zanen ga masassaƙi. Shi kuma ya ɗauki allon jan ƙarfe da aka goge ya yi sumul kamar madubi, ya riƙa tura wani alƙalamin ƙarfe mai kaifin baki yana yanke siraran hanyoyi, layi bayan layi, gashi bayan gashi. Akwai wata hanyar: a shafe allon da wani irin kaki, a karce zanen da allura, a tsoma cikin asid ya cinye inda aka karce. Yawancin allunan littattafan tafiye-tafiye an haɗa hanyoyin biyu ne.

Wajen bugu sai a cusa tawada mai kauri cikin waɗannan ramuka, a goge saman allon tas, a ɗora takarda mai danshi, a rufa bargo, a murɗa su tsakanin gungumen matsi biyu. Ƙarfin matsin ne ke tura takardar cikin ramukan ta tsotso tawadar. Kowane shafi sai an sake sa tawada daga farko. Wannan aiki yana barin alamu huɗu: gefen allon yakan bar sawu a takarda, tawadar takan zauna a tashe, hoton yakan fito a juye dama ta koma hagu, sannan jan ƙarfe yana da laushi, yana cinyewa da yawan bugu. Duk binciken da za mu yi, waɗannan alamun muke bi.

Kayan aiki

Ba su da tsada. Gilashin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu gyaran agogo ko waya. Tocilar wayarka. Rula mai santimita. Fitilar shuɗin hasken nan da 'yan canji ke duba kuɗi da ita, in ta samu. Fensir da takardar rubutu. Ka wanke hannu da sabulu ka bushe shi sarai, kada ka shafa mai. Safar hannu ba dole ba ce, takan ma hana yatsa jin takarda har a yage gefe. Biro da kofin shayi su bar teburin.

In zanen na cikin firam, nemi a fitar da shi, domin rabin shaidar tana baya da gefe. In ta intanet ne, kada ka yi cinikin biri a sama: nemi hoton bayan takardar, hotonta a gaban haske, da hoton kusa-kusa na wani wuri mai duhu. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wannan roƙo.

Mataki na ɗaya: nemi sawun allo

Kwantar da takardar, rage hasken ɗaki, ka riƙe tocila daga gefe kusan daidai da tebur, yadda hasken zai yi rarrafe a kanta. Za ka ga wani lotsattsen layi mai kusurwa huɗu ya kewaye hoton da rubutunsa. Sawun gefen allon ke nan. Shafa a hankali: cikin sawun takardar ta fi santsi saboda ƙarfe ya danne ta, wajensa ta fi kaushi. Ta baya kuma za ka ji shi a tashe.

Kada ka yanke hukunci tukuna. Masu ɗinkin littafi sukan datse gefen takarda har sawun ya tafi, musamman a ƙananan littattafai, don haka rashinsa ba hujjar jabu ba ce. Masu jabu kuma sun san ana nemansa, sai su danna allon da babu komai a kan hoton firinta. Irin wannan sawun yakan yi kaifi da zurfi kamar jiya aka yi shi, alhali na shekara ɗari biyu ya riga ya kwanta. Auna tsawonsa da faɗinsa ka rubuta, za ka buƙace su a gaba.

Mataki na biyu: duba tawada

A nan asirin yawancin jabu ke tonuwa. Zaɓi wuri mai duhu, kamar inuwar ƙarƙashin fiffike ko kewayen ido, ka ɗora gilashin.

A zanen gaske layuka zalla za ka gani, kowanne da gefensa tsaf. Layin alƙalamin ƙarfe yakan fara siriri, ya kumbura a tsakiya, ya ƙare da tsini kamar ƙaya. Layin asid kaurinsa kusan ɗaya daga farko har ƙarshe, bakinsa a dakushe, yana ɗan rawa kamar rubutun hannu. Inuwa kuwa layuka ne aka gicciya a kan layuka. Babu ruwan toka ko kaɗan a wurin, baƙi ne da fari, ido ne ke gauraya su. Sake kawo tocilar daga gefe, za ka ga layuka masu kauri sun taso kamar zaren da aka shimfiɗa a kan takarda. Duk lokacin da na ga wannan a gashin wuyan tsuntsu, inda mutum ya yanka layi ɗaruruwa a wurin da bai fi girman farce ba, sai na daɗe ina kallo.

Bugun zamani ba haka yake ba. Idan ka ga ɗigo a jere sahu-sahu kamar raga, ko ɗigon shuɗi da ja da rawaya da baƙi suna haɗuwa kamar ƙananan furanni, bugun inji ne daga hoto, kuma irin wannan bugu bai yaɗu ba sai a shekarun 1880. Idan ɗigon ƙanana ne ƙwarai, a warwatse kamar yayyafi, har baƙin layi na da burbushin launi a gefensa, firintar feshi ce. Idan baƙin yana ƙyalli kamar narkakkiyar roba, na'urar hoto-kwafi ce. Ko ɗaya daga cikin ukun nan ka gani, bincike ya ƙare.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Allunan Faransawa na farkon ƙarni na 19, irin na tafiyar Nicolas Baudin ta 1800 zuwa 1804 wadda Charles-Alexandre Lesueur ya zana dabbobinta, da yawansu da ɗigo aka yi inuwarsu. Amma ɗigon hannu ne: girmansu ya bambanta, suna bin lanƙwasar jikin dabbar, ba sa tsayawa a sahu. Na biyu shi ne bugun dutse, inda ake zana hoto a kan shimfiɗaɗɗen dutse a buga daga kansa ba tare da sassaƙa ba, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Jamus a ƙarshen shekarun 1790. Shi tawadarsa a kwance take, ba shi da sawun allo, kuma a gilashi yana kama da zanen alli a kan bango mai kaushi. Hotunan littafin Heinrich Barth na 1857 zuwa 1858, Abdulkarim ɗin nan da ya zo Kano a 1851, har da hoton birnin daga kan Dala, bugun dutse ne. Wannan sana'a ce mai darajarta, ba jabu ba. Amma wanda ya miƙo maka bugun dutse ya ce na 1773 ne, ya faɗi abin da ba zai yiwu ba.

Mataki na uku: ɗaga takardar a haske

Riƙe ta da hannu biyu a gaban taga. Takardar ƙarni na 18 da hannu aka yi ta, daga tsummokin lilin da auduga da aka daka suka zama kunu, aka kamfato da wani faifan rariya na wayoyi. Wayoyin sun bar jijiyoyi a jikinta: siraran layuka a matse da juna, sai wasu masu ɗan kauri da suka gitta su, tsakaninsu santimita biyu zuwa uku. Duk wanda ya taɓa ɗaga warƙar tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a gidan malamai, ya ga jinjirin wata uku a jere a cikin takardar, ya san abin da nake nufi. Waccan takardar Italiya ce da ta ƙetaro Sahara, kuma da irin wannan rariyar aka yi ta.

Lura da gefen manyan jijiyoyin. A tsohuwar takardar hannu akwai wata 'yar inuwa da ke bin su dama da hagu, inda kunun ya ɗan taru. Takardar inji da aka yi wa jijiyoyin ado ba ta da wannan inuwa, layukanta kuma daidai suke wa daida, babu inda suka karkace.

Takarda marar jijiya ta fara fitowa a Ingila wajen 1757 daga masana'antar James Whatman, amma ba ta zama ruwan dare ba sai a shekarun 1790. Saboda haka zanen 1773 ana sa ran ganin jijiyoyi a jikinsa, na 1825 kuwa ba abin mamaki ba ne ya zo sumul.

Sannan nemi tambarin cikin takarda, suna ko alama da ke bayyana a haske kawai. Daga 1794 masu yin takarda a Ingila suka riƙa sa shekara a ciki, kuma wannan ita ce shaida mafi ƙarfi da za ka samu, domin bugu ba ya girme wa takardarsa. In allo ya ce 1784, tambarin takarda ya ce 1818, to an ɗauko tsohon allo ne aka sake bugawa bayan shekara talatin da wani abu. Rashin tambari ba ya nufin komai, don babbar takarda ake yankawa gida-gida, wani yanki ya samu wani ya rasa.

Takardar tsumma tana da laushi da ƙarfi, tana lanƙwasa ba ta karyewa. Wadda aka yi da itace, da ta yaɗu daga tsakiyar ƙarni na 19, ita ce ke yin ja tana farfashewa kamar tsohuwar jarida. Tsufan gaske yakan fara daga gefe, wani wuri ya fi wani. Rinin shayi kuwa yakan game ko'ina bai ɗaya, gaba da baya, wani lokaci har da shatar inda ruwan ya tsaya. In kana da fitilar 'yan canji, haska ta na ɗan lokaci a cikin duhu. Tun shekarun 1950 ake zuba wa takarda sinadarin ƙara fari, wanda ke walƙiya da shuɗi-shuɗi a wannan haske. Tsohuwa ba ta yi. Walƙiya hujja ce a kan jabu, amma rashinta bai isa ya wanke takarda ba.

Kafin ka ajiye, duba alamun cewa ta taɓa zama cikin littafi: hujin allura ko ragowar manni a gefe ɗaya, shatar ninki a manyan zane, wani lokaci har inuwar rubutun shafin da ya kwana a kanta shekara da shekaru. Bayanta yawanci fari ne fat, domin ana buga alluna daban da rubutun littafi.

Mataki na huɗu: karanta ƙananan rubutun ƙasa

Da Latin ake gajarta su. Sunan da ke hagu, in an bi shi da del. ko delin., shi ne wanda ya zana, pinx. na nufin wanda ya yi da fenti. Sunan da ke dama mai sc. ko sculp. shi ne masassaƙi. Faransawa kan sa waɗannan ko su rubuta da harshensu, su ƙara da sunan maɗaba'a. A allunan Ingila za ka riƙa ganin jimlar "Published as the Act directs" tare da rana da sunan mawallafi, saboda dokar 1735 da ta kare haƙƙin masu zane ta wajabta sa kwanan wata da sunan mai allo. A kusurwar sama akwai lambar allo, wani lokaci da lambar mujalladi da shafi don mai ɗinki ya san inda zai sa shi. Idan ka ga harafin s mai tsawo kamar f, kada ka ɗauka kuskure ne, haka ake rubuta shi har wajen 1800.

Kwafe duk wannan harafi da harafi. Ka tuna dai, mai hoto-kwafi ma ya kwafe su duka.

Mataki na biyar: launi

Allunan littattafan hukuma na tafiye-tafiyen Cook baƙi da fari aka fitar da su. Don haka kangarun 1773 mai launin ƙasa-ƙasa da koren ciyawa, wani ne ya shafa masa daga baya, ko da takardar ta asali ce. Ni ban ɗauki wannan laifi ba muddin an faɗa wa mai saye, amma farashinsa da darajarsa ba ɗaya ba ne da zanen da aka fitar da launinsa tun asali, kamar na ƙwarin Suriname da Maria Sibylla Merian ta buga a 1705, ko tsuntsayen Mark Catesby, ko kundayen dabbobi na Faransawa.

Launin hannu yana da alamun buroshi: ya ɗan haura layi a nan, ya kasa kaiwa a can, ya taru a bakin inda ya bushe. Kwafi biyu ba sa zama iri ɗaya sak. Don gane tsohon launi daga sabo, juya bayan takardar. Tsohon kore da aka haɗa da tsatsar jan ƙarfe yakan ratsa ya fito ta baya da ruwan ƙasa, abin da ke ɗaukar shekaru masu yawa. Duba kuma inda akwai ɗigon tsufa ko yagewar da aka gyara: in launi ya hau kansu ya rufe, ya zo bayansu ke nan. A wasu zanen za ka ga ido ko baƙin gashi yana sheƙi in ka karkata takardar. Ƙaro ne aka shafa don launin ya yi zurfi, ƙaron nan dai da ake zubawa a tawadar allo.

Mataki na shida: kwatanta da littafin asali

A da sai mai hali ya je babban ɗakin karatu a Turai. Yanzu shafukan intanet na Biodiversity Heritage Library da Gallica ta ɗakin karatun ƙasar Faransa sun ɗora dubban irin waɗannan littattafai kyauta. Yi amfani da sunayen da ka kwafe ka nemo allon, ka buɗe shi a babban allon kwamfuta, ka ajiye naka a gefe.

Fara da ɓangaren da dabbar ke fuskanta. Mai kwafe bugu kai tsaye a kan sabon allo, nasa yakan fito a juye. Sannan zaɓi ƙaramin wuri, ganye ɗaya ko yatsan ƙafa, ka ƙirga layukan. Bugu biyu daga allo ɗaya layukansu ɗaya ne, ba ƙari ba ragi. In sun saɓa, allo biyu ne. Gwada awon sawun da ka rubuta da wanda kundayen gidajen tarihi suka bayar. Bambancin milimita kaɗan ba komai, takarda mai danshi tana tsukewa in ta bushe, amma santimita biyu magana ce. In layukan sun dace amma siraran sun dushe ko sun yanyanke, allon ya gaji, bugun baya-baya ne.

A nan za ka fahimci cewa tsoho daban, na farko daban. A tsakiyar shekarun 1780 Alexander Hogg, wani mawallafi a Landan, ya riƙa fitar da labarin tafiye-tafiyen Cook kashi-kashi a farashi mai rahusa, da allunan da aka sake sassaƙawa. Sunansa na jikin da yawansu. Waɗannan tsofaffi ne na gaske, sun haura shekara ɗari biyu, amma kwafi ne, kuma suna da yawa a kasuwa.

Labarin tsirran Banks ya fi wannan ban mamaki. Ya ɗauki masassaƙa 18 suka yi alluna sama da 700 daga zanen Parkinson, aikin da ya ci fiye da shekara goma, amma har ya rasu a 1820 bai wallafa su ba. Allunan suka zauna a ajiye a gidan tarihi a Landan. Tsakanin 1900 da 1905 aka fitar da wasu ta hanyar bugun dutse. Sai tsakanin 1980 da 1990 ne maɗaba'ar Alecto Historical Editions ta buga su gaba ɗaya da launi daga ainihin allunan, da sunan Banks' Florilegium, saiti 100 kacal na sayarwa. To ka ga: allon ƙarni na 18, sawu na gaske, tawada a tashe, takarda kuwa ta zamaninmu. Ba jabu ba ne ko kaɗan, yana da tsada ma, amma wanda ya ce maka a zamanin Cook aka buga shi ya yi kuskure.

Ga mai son farawa da abin da ya sani, akwai zanen ganye da 'ya'yan kaɗanya a littafin Mungo Park na 1799. Ƙungiyar da Banks ke cikin waɗanda suka kafa a 1788 ce ta aike shi neman kogin Kwara. An sake buga littafin sau da yawa, an fassara shi, don haka zanen na nan a girma daban-daban, wuri mai kyau na koyon kwatance. Kuma kai da ka san kaɗanya da idonka za ka iya auna inda masassaƙin Landan ya dace da inda ya kauce.

Mataki na bakwai: lahani da asalin mallaka

A gaban haske gyara ba ya ɓuya: wurin da aka liƙe yakan yi duhu, wurin da aka kankare yakan yi haske. Ɗigon ja-ja na tsufa kaɗan ba abin damuwa ba ne. Takardar da ta yi fari fes fiye da kima mai yiwuwa an wanke ta da sinadari, wadda kuma aka manne gaba ɗaya a kan kwali darajarta ta ragu sosai.

Wuri mai sirantaka a kusurwa ko a baya yana iya zama hatimin ɗakin karatu da aka goge. An sha yanke shafukan zane daga littattafan jama'a da reza ana sayarwa. Tambayi inda aka samo, in amsar ta yi ta kewaye-kewaye, ka haƙura. In kuwa cikakken littafi ne ya faɗo hannunka, don Allah kada ka farke shi don sayar da shafi ɗai-ɗai, ko da lissafin kuɗin ya fi.

Adanawa

Abu na farko, kuma da babbar murya: kada a yi masa laminatin. Mun saba yi wa takardun makaranta, amma zafi da roba suna shiga jikin takarda, ba a iya cire su. Haka salatif da gam, sukan bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Kada ka goge da magogin fensir, kada ka sa ruwa ko bilic, kada ka yi masa guga.

Ajiye shi a kwance, kowane zane cikin ninkakkiyar takarda marar asid, a cikin akwati mai murfi. A ɗora akwatin a kan kantar ajiya, nesa da ƙasa da bangon waje, saboda gara da danshi. Takarda ta fi son laimar iska tsakanin kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa damina takan haura haka nesa, hunturu ya faɗo ƙasa warwas. Maganin shi ne ɗakin da ke tsakiyar gida, inda sauyin bai cika tsanani ba, da 'yan ƙullin tsotse danshi irin na kwalin takalmi ko magani a kusurwar akwatin, ba a kan zanen ba. Kada ka ƙulle shi cikin leda, tana tara gumi. In ya nannaɗe da hunturu, kada ka tilasta shi, bar shi cikin ninkinsa da ɗan nauyi mai faɗi a sama. Buɗe akwatin a farkon damina da ƙarshenta ka duba kashin kyankyaso, hujin ƙwari, da warin funfuna. In ka ga funfuna, ware wannan zanen daga sauran, shanya shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ka nemi masu gyaran takardu na gidan tarihi ko ma'ajiyar takardun tarihi.

In za ka rataye, a yanka masa kwali marar asid mai taga, yadda gilashi ba zai taɓa fuskarsa ba. A maƙala shi daga sama kawai, da 'yan fallaye biyu na siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama, wanda ke sakewa da ɗan danshi in an so cirewa. Sauran gefuna a bar su sake don takarda na numfashi. Kada falankin katako ko kwalin kaya ya taɓa bayansa. A rufe bayan firam ɗin saboda ƙurar hunturu. Bangon da rana ba ta kaiwa za a zaɓa, nesa da kicin da hayaƙin turaren wuta, domin launin ruwa in ya kwashe ba ya dawowa.

Abin da nake yi da masu launi shi ne in ɗauki hotonsu mai kyau, in buga kwafi in rataye, asalin ya koma akwati tare da 'yar takardar da na rubuta da fensir: sunan littafi, shekara, awon sawu, tambarin takarda, inda na saya da ranar. A bayan kwafin kuma nakan rubuta da biro, manyan haruffa, cewa kwafi ne da shekarar da na buga shi, don kada wata rana ya fita daga gidana wani ya saye shi a matsayin na 1773.